Ɗan limamin Beni Sidel da ya riƙe Rotterdam shekara 15

Ranar 2 ga Nuwamban 2004, ana tsakiyar azumi, wani matashi ɗan shekara 26 ya tare Theo van Gogh, wani mai shirya fim, da safe a wani titi na gabashin Amsterdam, babban birnin Holan. Van Gogh na kan kekensa. Matashin ya harbe shi, ya yanka shi, sannan ya kafe wata wasiƙa a jikinsa da wuƙa. Dalilinsa shi ne wani gajeren fim da mamacin ya yi tare da Ayaan Hirsi Ali, 'yar majalisar Holan 'yar asalin Somaliya, fim ɗin da Musulmi da dama suka ɗauka cin zarafin addininsu ne. Sunan matashin Mohammed Bouyeri. A Amsterdam aka haife shi, amma iyayensa mutanen duwatsun Rif ne, can arewacin Maroko.

Washegari wani mutum, shi ma ɗan Rif, ya shiga masallacin Al-Kabir na birnin ya tsaya gaban jama'a. Ko shekara ba a yi ba da ba shi kujera a majalisar zartarwar Amsterdam. Ya faɗa wa 'yan'uwansa maganar da ba su saba ji daga bakin na gida ba: duk wanda ba zai iya zama da ƙa'idojin ƙasar nan ba, gara ya tattara nasa-ya-nasa ya tafi. Daga nan aka haɗa shi da masu tsaron lafiya, domin barazanar kisa ta fara zuwa. Takardu suna rubuta sunansa Ahmed Aboutaleb, irin rubutun da Faransawa suka bar wa Maroko, amma duk wanda ya yi karatun sira ya san sunan: Ahmad Abu Ɗalib. Shekara huɗu bayan wannan rana aka naɗa shi magajin garin Rotterdam, birni na biyu a girma a Holan, mai tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai.

Mutum biyu, tushe ɗaya, harshen uwa ɗaya, addini ɗaya. Ɗaya yana gidan yari ɗaurin rai-da-rai, ɗaya ya rataya sarƙar da magajin gari ke sawa a wuya, alamar muƙaminsa. Abin mamakin shi ne, wanda ya yi kisan shi aka haifa a Turai, shi ya yi makarantar Holan tun daga ajin farko. Wanda ya zama magajin gari kuwa sai da ya shekara 15 kafin ya taka ƙasar. Turawan Holan sun daɗe suna amfani da labarin Abu Ɗalib a matsayin hujja cewa ƙofa a buɗe take, wanda bai shiga ba laifinsa ne. Ni kuwa gani nake idan aka bi asalin mutumin daki-daki, abin da zai fito ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma bai yi wa masu wannan hujja daɗi sosai ba.

An haife shi ranar 29 ga Agustan 1961 a Beni Sidel, wani yanki na karkara a lardin Nador, ba nisa da Melilla, garin da har gobe yake hannun Sifaniya ko da yake a ƙasar Afirka yake. Mutanen wurin ba Larabawa ba ne, Amazig ne, harshensu Tarifit, ɗan'uwan Tamashek ɗin da Buzayen Agadas suke yi. Gidan da ya tashi babu lantarki, babu famfo. Mahaifinsa limamin ƙauye ne.

Kada mai karatu ya ji liman ya kawo babban malami mai zaure da almajirai ɗari. A ƙauyukan Maroko liman ɗan ƙwadago ne na jama'a: ana ƙulla sharaɗi da shi shekara-shekara, ya ja salla, ya karantar da yara, ya yi wa gawa sutura, su kuma su biya shi da hatsi da abinci da ɗan abin da ya samu. Makarantar da yake koyarwa kuwa, da Bahaushe zai leƙa da ya ɗauka gida ya zo. Allo ne na katako, tawada, alƙalamin kara, yara a zaune a ƙasa suna rera karatu da ƙira'ar Warshu, a mazhabar Malikiyya, a wanke allo a sake rubutu. Rubutun ma irin namu ne na Magaribi, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Gidan liman a irin wannan wuri ba shi da dukiya, amma yana da abu guda da sauran gidaje ba su da shi: a cikinsa harafi yana da daraja. Yaron da ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana cin abinci da karatu, ba sai an yi masa huɗuba kan amfanin makaranta ba. Wannan jari ne, kuma yawancin 'ya'yan maƙwabta da suka bi iyayensu Turai ba su tafi da shi ba.

Sai kuma ita kanta Rif, wadda in ba a san ta ba, ba za a gane 'yan Maroko na Holan ba, domin mafi yawansu daga can suka fito. A watan Yulin 1921 mayaƙan Abdulkarim al-Khaɗɗabi, jagoran mutanen Rif, suka yi wa rundunar Sifaniya kaca-kaca a Anwal. Sojoji fiye da dubu takwas suka mutu, waɗanda suka tsira suka yi ta gudu zuwa Melilla ta cikin ƙasar Nador. Abdulkarim ya kafa jamhuriya, ta rayu har 1926, lokacin da Sifaniya da Faransa suka haɗa ƙarfi, aka zuba wa ƙauyuka iska mai guba daga jiragen sama. Maroko ta samu 'yanci a 1956, mutanen Rif suka ga mulki ya koma hannun 'yan birni masu Larabci da Faransanci, su kuwa da Tarifit da ɗan Sifaniyanci suka tashi. Suka yi bore a 1958. Wanda ya jagoranci murƙushe su a farkon 1959 shi ne yarima mai jiran gado, wanda ya zama Sarki Hassan na Biyu a 1961, shekarar da aka haifi Abu Ɗalib. Sarkin bai yafe musu ba. Ya bar yankin ba hanya, ba asibiti, ba masana'anta. A Janairun 1984, da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Nador da kewaye, ya fito a talabijin ya kira su 'yan iskan gari.

Ƙasar da ba ta ciyar da mutanenta, ci-rani ne abincinta. Tun zamanin Turawa mazan Rif ke gangarawa Aljeriya duk shekara, su yi girbi a gonakin Faransawa su dawo da guzuri, kamar yadda namu ke tafiya kudu in an gama aikin damina. Aljeriya ta samu 'yanci a 1962, masu gonakin suka kwashe, a 1963 kuma Maroko da Aljeriya suka gwabza a kan iyaka. Wannan ƙofa ta rufe daidai lokacin da masana'antun Turai suke kukan rashin hannu. Gwamnatin Maroko da ke Rabat ta ga tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya: a rage masu taurin kai, a kuma samu kuɗin da za su riƙa aikowa. Holan ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1964, da Maroko a 1969.

Akwai wani hoton talabijin na shekarar 1969 da har yanzu ake nunawa a Holan. Jami'in ɗaukar ma'aikata ne a garin Oujda, maza sun yi layi a gabansa, yana yi wa kowa tambaya ɗaya biyu, ya ce wannan ya wuce, wancan ya koma. Wanda ya nuna alamar ya yi karatu, sallamarsa ake yi. Ƙarfi ake nema, ba kai ba. Gaskiya ne yawancin mazan ba ta wannan layi suka shigo ba, da kansu suka lallaɓo ta Faransa da Beljiyam, wani ya jawo ƙaninsa, ƙanin ya jawo ɗan ƙauyensu. Amma hoton ya nuna irin tunanin da aka yi. Sunan da aka ba su ma ya isa: gastarbeider, wato ma'aikaci baƙo. Baƙo raɓa ne, ana jiran rana ta fito ya bushe. Ba a koya musu harshe ba, don me za a koya wa mai tafiya gobe? Su ma ba su nema ba, don kowa yana lissafin shekara uku ne ya tara kuɗin gina gida ya koma. Suna kwana a gidajen haya, gado bisa gado, wani lokaci mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta. A Agustan 1972 aka yi kwanaki ana jifan irin waɗannan gidaje na Turkawa a unguwar Afrikaanderwijk ta Rotterdam, birnin da ɗan ɗaya daga cikin waɗannan baƙi zai mulka wata rana.

Rikicin man fetur na 1973 ya sa aka daina ɗaukar ma'aikata. A nan lissafin kowa ya rushe. Mazan suka gane cewa in suka koma gida ba za su sake samun shiga ba, sai suka yi akasin abin da gwamnati ta zata: suka aika a kawo musu iyali. A cikin wannan ayari ne, a 1976, Ahmad ya iso birnin Hague tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa, suka tarar da mahaifin da ya riga su zuwa.

Yaro ɗan shekara 15 da ba ya jin harshen gari, a tsarin makarantun Holan, ya riga ya makara. Can tun yaro yana ɗan shekara 12 ake raba hanya: wannan zai bi layin jami'a, wannan na tsakiya, wannan na koyon sana'a. Shi aka sa shi a matakin can ƙasa, makarantar koyon sana'ar hannu da suke kira LTS, inda ake fitar da masu gyaran waya da walda. Da a wata ƙasar ne, nan labarin zai tsaya. Amma Holan ta wancan lokaci tana da wani tsani da suke kira stapelen, wato ɗora wani bisa wani. In ka gama ƙaramar makarantar sana'a da kyau, kana iya shiga ta tsakiya, MTS. In ka gama ta, kana iya shiga babba, HTS, wadda ke fitar da injiniyoyi. Hanya ce mai tsawo, tana cin shekaru fiye da ta wanda aka ɗora a layin sama tun farko, amma tana kaiwa. Ya taka matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ya fito da shaidar injiniya a fannin lantarki da sadarwa a 1987, shekara 11 bayan saukarsa.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin wannan tsani shi ne ɓangaren labarin da masu yabo suka fi tsallakewa. Ƙoƙarin yaron gaskiya ne, ba mai ƙwace masa. Sai dai ƙoƙari yana bukatar abin takawa. A shekarun 1990 gwamnatin Holan ta fara kallon wannan doguwar hanya a matsayin ɓarnar kuɗi, aka shiga ƙuntata ta, aka fi son kowane yaro ya bi layin da aka zaɓa masa ya gama da wuri. Ministan ilimi na lokacin, Jo Ritzen, ɗan jam'iyyar Leba ne, PvdA, jam'iyyar da Abu Ɗalib ya yi siyasarsa a cikinta. Waɗanda wannan ƙuntatawa ta fi shafa su ne yaran da a shekara 12 harshensu bai gama nuna ba, wato 'ya'yan baƙi. Daga baya an gane kuskuren, aka sassauta. Amma akwai tsara guda da aka riƙa nuna wa Abu Ɗalib ana cewa ga ɗan'uwanku nan ya hau, alhali an zare wasu matakan tsanin da ya taka.

Bai yi aikin injiniya ya daɗe ba. Jarida ta ja shi: ya yi aiki a gidajen rediyo da talabijin, Veronica da NOS da RTL, sannan ya koma jami'in hulɗa da 'yan jarida a ma'aikatar gwamnati. A 1998 ya zama shugaban Forum, cibiyar da ke nazarin zaman al'ummomi mabambanta. A Janairun 2004 ya shiga majalisar zartarwar Amsterdam. Sauran an ji.

To me ya sa shi ya fita haka, Bouyeri ya fita haka? Ba wanda zai ce ya san abin da ke zuciyar mutum, kuma dubban yaran da aka haifa a unguwa ɗaya da Bouyeri sun zama likitoci da lauyoyi da direbobi, ba su taɓa ɗaga wa kowa wuƙa ba. Amma akwai wani bambanci tsakanin tsararrakin biyu da nake ganin ya bayyana irin harshen Abu Ɗalib, da kuma dalilin da ya sa harshen ba ya shiga kunnen samari da yawa.

Wanda ya zo yana ɗan shekara 15 ya zo da ma'auni a aljihunsa. Ya san duhun dare ba fitila, ya san nauyin ruwan da aka ɗebo daga nesa. Duk abin da Holan ta ba shi, da Beni Sidel yake auna shi, kuma kullum riba yake gani. Ya kuma zo da sanin ko shi wane ne. Addininsa a gida ya same shi, wurin uba malami, cikin ƙauyen da kowa Musulmi ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa hujja. In Bature ya yi masa kallon banza, abin zai yi ciwo, amma ba zai girgiza shi ba, domin bai taɓa zaton shi ɗan gari ne ba. Wanda aka haifa a yammacin Amsterdam kuwa bai san Beni Sidel ba sai a hutun bazara, inda ake kiransa ɗan Turai. Ma'auninsa shi ne yaron Bature da suke benci ɗaya a aji, wanda aka kira hirar neman aiki, shi kuwa ba a kira shi ba. Mahaifinsa, wanda masana'anta ta sallama a farkon shekarun 1980 lokacin da aka rufe wuraren ƙera jiragen ruwa da masaƙu, yana zaune a gida, ba ya iya karanta takardar da makaranta ta aiko. Limamin masallacin unguwa daga Maroko aka kawo shi, ba ya jin Holanci, yaron kuma Larabcinsa bai taka kara ya karya ba. Irin wannan yaro in ya tashi neman addini, a intanet yake samunsa, babu malami, babu mazhaba, babu kakan da zai ce masa kai, ba haka muka gada ba. Ɗaya yana jin an yi masa alheri. Ɗayan yana jin an hana shi haƙƙinsa. Kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Ba Abu Ɗalib kaɗai ba ne. Khadija Arib, wadda ta shugabanci majalisar wakilan Holan daga 2016 zuwa 2021, ita ma tana 'yar shekara 15 ta iso daga Maroko. Ahmed Marcouch, wanda ya zama magajin garin Arnhem a 2017, ɗan Rif ne, ya iso yana ɗan shekara 10, ya yi aikin ɗan sanda kafin siyasa. Manyan kujerun farko da 'yan asalin Maroko suka hau a ƙasar, waɗanda suka zo da wayonsu ne suka hau su.

Wannan asali shi ya ba shi lasisin da babu wani Bature ɗan siyasa da yake da shi. Ranar 7 ga Janairun 2015, da aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris, ya fito a talabijin da daren ya ce wa masu goyon bayan irin wannan aiki, in 'yancin ƙasar nan bai yi muku ba, ku tattara ku ɓace, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ta kan titi ce, ba ta ofis ba. Turai ta yi ta tafi. Mako guda da 'yan kwanaki bayan haka, kan zanen ɓatanci ga Annabi da mujallar ta sake bugawa, aka yi tarzoma a Damagaram da Yamai, aka ƙona coci-coci, aka rasa rayuka. Na kawo wannan ne don a ga faɗin ramin da mutumin yake tsaye a kansa: abin da ya sa ake ɗaga shi sama a Turai, shi ne ya sa wasu Musulmi suke ganin ya sayar da su. Amma kuma shi ɗin ne a ƙarshen 2017 ya ce a wata hira kowane Musulmi yana da ɗan Salafanci a jikinsa, yana nufin kowa yana son koyi da magabata. Duk ɗalibin zaure ya san abin da yake nufi. Waɗanda suka yi masa tafi a 2015 kuwa suka tashi haiƙan, har da masu neman a tsige shi. Suna son ɗan liman in zai yi wa Musulmi faɗa, ba sa son sa in zai yi bayanin Musulunci.

Maganar tattara kaya ita ce nake ganin ta fi rauni a duk abin da ya faɗa, kuma raunin daga tarihinsa ya fito. Shi yana da inda ya baro. A bakinsa, zama a Holan zaɓi ne, kuma wanda ya zaɓa yana iya fasawa. Amma yaron da aka yanke wa cibiya a asibitin Rotterdam, ina zai tattara ya nufa? Ba a cewa ɗan gari ya bar gari in ya yi laifi, kotu ake kai shi. Duk da kyakkyawar niyyarsa, maganar ta sake mai da yaran baƙi, abin da suka fi tsana ke nan.

Shi ma kansa ba a bar shi ya manta ba. A Fabrairun 2007, da aka naɗa shi ƙaramin ministan walwala da ayyuka a gwamnatin firaminista Jan Peter Balkenende, tare da Nebahat Albayrak 'yar asalin Turkiyya a ma'aikatar shari'a, jam'iyyar Geert Wilders, ɗan siyasar da ya yi suna da adawa da Musulunci da baƙi, ta tayar da ƙura a majalisa cewa masu fasfo biyu ba za a amince da biyayyarsu ba. Alhali Maroko ba ta sakin ɗanta: ko ka so ko ka ƙi, a wurinta kai nata ne, har 'ya'yanka. Da aka zo naɗa shi magajin gari, Wilders ya ce Rabat ta fi dacewa da shi. A nan akwai abin dariya kaɗan. Shi Wilders, wanda aka haifa a Venlo a 1963, mahaifiyarsa a Sukabumi aka haife ta, a tsibirin Java na Indunusiya, daga dangin da jininsu ya gauraya da na mutanen can zamanin mulkin mallaka. Mark Rutte, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, mahaifinsa a Indunusiya ya yi kasuwanci, matarsa ta fari kuma a sansanin Japanawa ta rasu a 1945. In ka tona gidajen manyan Holan, jirgin ruwa za ka tarar a ƙarƙashin da yawansu. Sai dai wani jirgin ana tuna shi, wani an yafe.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa in ana ba da labarin a waje: ba jama'ar Rotterdam ne suka zaɓe shi da ƙuri'a ba. A Holan magajin gari naɗa shi ake yi. Majalisar birni ta tantance masu nema a asirce, ta miƙa suna, gwamnati ta amince, a fitar da takardar naɗi da sunan mai sarauta, wa'adin shekara shida. Kuma Rotterdam ita ce cibiyar Pim Fortuyn, wanda ya yi suna da sukar Musulunci da shigowar baƙi, wanda jam'iyyarsa ta gari, Leefbaar Rotterdam, ta kayar da Leba a zaɓen birni na Maris 2002, wata biyu kafin wani Bature mai fafutukar kare dabbobi ya harbe shi. 'Yan Leefbaar sun yi adawa da naɗin. Ya kama aiki ranar 5 ga Janairun 2009, mutum na farko Musulmi da ya riƙe babban birni a ƙasar. Da ƙuri'ar kai-tsaye ce a wancan lokaci, ban ga alamar zai kai labari ba. Abin da ya yi shi ne ya ci zaɓen bayan an naɗa shi: yawo a unguwanni, tsauri kan masu laifi, zama da mutanen da suka ƙi shi. A 2014 Leefbaar ta dawo cikin masu mulkin birni, suka yi aiki tare, aka kuma sabunta masa wa'adi har sau biyu. A 2021 ya samu lambar gwarzon magajin gari na duniya, tare da Philippe Rio na Grigny a Faransa.

Yayin da tsofaffin abokan gaba suke sassautowa, 'ya'yan baƙi suna janyewa. A 2014 wata jam'iyya mai tushen Musulunci, NIDA, ta shiga majalisar Rotterdam. A wannan shekarar 'yan majalisar ƙasa biyu 'yan asalin Turkiyya, Tunahan Kuzu da Selçuk Öztürk, suka rabu da Leba, a 2015 suka kafa DENK, wadda ta ci kujera uku a 2017. Saƙonsu a taƙaice shi ne: mun gaji da godiya, mu 'yan ƙasa ne. Ko a filin ƙwallo an ga haka. Hakim Ziyech, Sofyan Amrabat da Noussair Mazraoui duk a Holan aka haife su, a can suka koyi ƙwallo, amma rigar Maroko suka sa har wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar a 2022. Daren da Maroko ta ci Beljiyam, murna ta rikiɗe ta zama jifa a tsakiyar Rotterdam, kuma a dokar Holan magajin gari ne ke da alhakin tsaron titi. Yaron Beni Sidel ne ke ba 'yan sanda umarni, jikokin maƙwabtansa ne a ɗaya gefen.

A Nuwamban 2023 jam'iyyar Wilders ta zo ta ɗaya a zaɓen ƙasa da kujera 37 cikin 150. Wannan shi ne mutumin da kotu ta samu da laifin cin zarafin jama'a saboda a 2014, a birnin Hague inda Abu Ɗalib ya koyi Holanci, ya tambayi magoya bayansa ko suna son 'yan Maroko su ƙaru ko su ragu, suka amsa da ihu cewa su ragu. A Janairun 2024 Abu Ɗalib ya sanar cewa zai sauka kafin wa'adinsa ya cika. Ya bar ofis a farkon Oktoba, yana da shekara 63, wata uku bayan an rantsar da gwamnatin da jam'iyyar Wilders ta fi kowa yawan kujeru a cikinta. Sarƙar magajin gari ta koma wuyan Carola Schouten, 'yar jam'iyyar Kirista ta ChristenUnie, wadda ta tashi a gonar shanu, mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara tara.